Kafin A Ɗora Wa Allon Laifi, A Auna Wutarsa

Duk wanda ya ratsa fadamun tumatir na Ikara da rani, ko gonakin rake na Makarfi, ko lambunan inabi na Kudan, ya san ban ruwa shi ne ran noma a wannan yanki. Don haka ba abin mamaki ba ne ɗan sakandare na nan, idan aka ce ya ƙera wani abu don baje kolin kimiyya, ya zaɓi na'urar da za ta ji ƙasa ta bushe, ta kunna famfo da kanta. Zuciyar irin wannan na'ura wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ce da ke manne a kan allo wanda bai wuce tafin hannu ba. A kwamfuta ake rubuta mata umarni, sa'annan a ɗura mata.

Abin takaicin shi ne, da zarar na'urar ta ƙi aiki, sai ɗalibi da malami su taru su ce allon jabu ne, a shiga neman kuɗin wani mai tsada. Sau da yawa kuwa allon lafiyarsa ƙalau, kuma kuɗin da aka kashe da ya fi amfani wajen sayen mita, wato ma'aunin wutar nan da ke kan teburin kowane mai gyaran rediyo.

Ga mai koyo, Arduino Uno ya wadatar. A garin Ivrea na Italiya aka fara aikin Arduino a 2005, Uno kuma ya fito a 2010. Da bolt 5 yake aiki, yana jure wa hannun ɗan koyo, kuma a samfurinsa na asali ana iya cire ƙwaƙwalwar a sa wata in ta ƙone. ESP32, wanda ya fito a 2016, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, har yana iya hawa intanet. To amma da bolt 3.3 yake aiki, kuma wayar da ta kai wa ƙafarsa bolt 5 tana iya lalata shi. Bugu da ƙari, idan ya tashi aika saƙo yakan fizgi wuta da yawa a lokaci guda, in batir ya gaza sai ya mutu ya sake tashi, ɗalibi ya kwana yana neman kuskure cikin umarnin da ba shi da aibu. Lambun da babu intanet kusa da shi, me zai yi da wannan wahala?

Neman inda cuta take kuwa, ai darasi ne da ɗalibi ya riga ya sani daga ajin ilimin halittu. Mai gwada tsirowar wake ba ya canza ruwa da haske da ƙasa rana guda, don in ya yi haka ba zai san wanne ya yi tasiri ba. Haka nan a lantarki. A cire komai, a bar allon shi kaɗai, a ɗura masa umarnin da ke sa 'yar fitilarsa ta ƙafa ta 13 ƙyaftawa. In ta ƙyafta, allon ya fita daga zargi. In kwamfuta ta ƙi ganinsa, a canza igiya tukuna, domin wasu igiyoyin na caji ne kawai, ba sa ɗaukar saƙo. Daga nan a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ana aunawa da mita.

Galibi a wajen famfo asiri ke tonuwa. Ƙafar Uno miliamfiya 20 ne ƙa'idarta, alhali ƙaramin famfo na jan ninkin haka sau da yawa. Dole famfo ya sami batirinsa dabam, a sa makunni mai suna rile tsakaninsu. Ɗan batirin nan mai bolt 9 kuma ba ya ɗaukar irin wannan nauyi.

Akwai kuma cutar da ba ta bayyana sai bayan makonni. Ma'aunin laima mai arha, mai ƙarfe biyu tsirara, wuta yake ratsawa ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ita kuwa wutar tare da gishirin takin zamani sai ta riƙa cin ƙarfen. Ranar baje koli yana aiki sumul, a lambu kuma nan da nan zai fara cewa ƙasa ta bushe alhali tumatir na tsaye cikin ruwa, saiwarsa na ruɓewa don rashin iska. Maganinsa a sayi mai rufaffen jiki, ko kuma a riƙa ba shi wuta na ɗan lokacin awo kaɗai.

Saboda haka ya kamata alƙalan gasar kimiyya a makarantun nan su daina tsayawa ga kallon famfo na feshi. Su nemi ɗalibi ya kawo littafin da ya rubuta kowace matsala da abin da mita ta nuna, su kuma tambaye shi kwana nawa na'urar ta yi a cikin lambu kafin a kawo ta zaure.