Zafin inji: Abin da ya sa gejin mota ke saɓa wa juna a hanyar Boɗinga zuwa Shagari

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a Jihar Sakkwato, babbar hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega takan zama wurin gwajin lafiyar inji. Abu ne da aka saba gani a wannan lokaci: motar haya a gefen titi, an ɗage bonet, tururi na tashi, fasinjoji sun raɓe a inuwar darbejiya suna jiran yaron mota ya samo ruwa.

Yawancin waɗannan motoci, irin su Golf da Sharon da bas ƙirar Hiace, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Da yawa daga cikinsu allurar zafin da ke jikin dashbod ta mutu, ko kuma direba ya daina yarda da ita. Shi ya sa wasu ke sayen ƙaramin geji na kasuwa, mai allura ko mai nuna lamba, su sa mai wayarin ya ɗaura musu kusa da sitiyari.

Daga nan ne wata sabuwar matsala ke kunno kai. Sabon gejin zai nuna digiri 75, allurar dashbod tana tsaye a kan 90, idan kuma aka jona na'urar binciken kwamfuta sai ta ce 98. Inji ɗaya, amsa uku. Direban da ke da fasinja da kaya a gabansa dole ya zaɓi wadda zai gaskata, kuma kuskure a wannan zaɓi yana iya cinye masa jarinsa.

Kowane geji da wurin da yake aunawa

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, ruwan da ke zagaya inji ba zafinsa ɗaya ba ne a ko'ina. Ya fi zafi a inda yake fitowa daga kan silinda, ya huce bayan ya ratsa lagireto, sannan ya koma ciki. Saboda haka geji biyu suna iya bayar da lamba daban alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Na'urar jin zafi ta asali, wadda kanikawa ke kira sansa, kamfani kan dasa ta ne a jikin inji, kusa da tamostat, inda ruwa ya fi zafi. Ita ke sanar da ƙwaƙwalwar mota halin da ake ciki, ƙwaƙwalwar kuma ta yanke yawan man da za a fesa, a motoci da dama har da lokacin da fanka za ta tashi.

Gejin kasuwa kuwa, galibi akan yanka tiyon sama da ke zuwa lagireto ne a dasa tasa sansar a tsakiya. A motoci da yawa wannan wuri yana bayan tamostat. Muddin tamostat bai buɗe ba, ruwan zafi ba ya isa can sosai, don haka gejin zai riƙa nuna sanyi. A nan haɗarin yake: idan tamostat ya maƙale a rufe, inji zai riƙa tafasa daga ciki, gejin da aka saya domin gargaɗi yana nuna lafiya lau.

Ita ma allurar dashbod ba ta faɗin komai dalla-dalla. Kamfanoni da dama, ciki har da Volkswagen, sun tsara ta yadda za ta tsaya cak a tsakiya muddin zafin yana cikin iyakar da aka amince da ita, domin kada direba ya riƙa firgita da kowane ɗan motsi. Allurar da ke kan 90 tana iya nufin 80, tana iya nufin 100. Idan ta bar tsakiya ta fara hawa, to zafin ya riga ya yi nisa. Haka kuma a wasu motocin, kamar Golf 4, sansar guda ɗaya ce a ido amma ɓangare biyu ne a cikinta: ɗaya na dashbod, ɗaya na ƙwaƙwalwa. Ɓangare ɗaya na iya lalacewa ya bar ɗayan yana aiki.

Inda hannun ɗan Adam ya shigo

Bayan bambancin wuri, akwai kurakuran haɗi. Sansa tana aiki ne da turjiyar lantarki: gwargwadon ƙaruwar zafi, gwargwadon raguwar turjiyarta. Kowane geji an ƙera shi ne ya karanta irin tasa sansar. Idan aka haɗa gejin wani kamfani da sansar wani, kamar yadda kan faru idan ta farko ta mutu aka sayo wadda zarenta ya shiga ramin, lambar da za ta fito ba ta da ma'ana.

Sansa mai waya ɗaya da jikin ƙarfen inji take kammala zagayen wuta. Idan an dasa ta a tsakiyar tiyon roba ba tare da an ja mata wayar ƙasa ba, ko an naɗe zarenta da farin tef mai yawa don hana yoyo, karatunta zai karkace. Tsatsa a bakin waya ma takan ƙara turjiya, geji ya nuna zafi ƙasa da gaskiya.

Akwai kuma batun ma'auni. Wasu gejin da aka ƙera domin kasuwar Amurka da Faranhait suke lissafi. Digiri 200 a wannan ma'auni bai wuce 93 a Salshiyas ba, wato inji na cikin ƙoshin lafiya, amma direban da bai sani ba zai ɗauka gobara ce ta tashi.

Mafi muni duka shi ne idan ruwa ya tsiyaye. Sansa ruwa take aunawa. Idan tiyo ya fashe ruwan ya zube, sansar ta koma rataye a iska, allura tana iya sauka ƙasa a daidai lokacin da ƙarfen inji ke ƙonewa. Allurar da ta faɗi ba zato ana tsakiyar tafiya alama ce ta a tsaya nan take.

Gyaran gangar Auzinawa

Idan ruɗani ya yi yawa, maganin da aka fi yi a gareji da dama shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. Hujjar ita ce tamostat na ƙasashen sanyi ne, ba na Sakkwato ba. Geji zai sauka, hankalin direba ya kwanta, amma cutar tana nan.

An ƙera injin mota ne ya yi aiki da zafi, kusan tsakanin digiri 85 zuwa 105. Tamostat ɗin Toyota da yawa yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82. Idan babu shi, da safiyar hunturun Disamba da Janairu inji zai daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da fesa mai fiye da kima. A wasu injinan kuma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma ciki ba tare da ya ratsa lagireto ba. Idan aka cire shi wannan hanya za ta zauna a buɗe, wani ɓangare na ruwan zafi ya riƙa kauce wa lagireto ko da tsakar rana ce.

Ruwan da ake zubawa ma yana da nasa laifin. Ruwa tsantsa yana tafasa a digiri 100. Murfin lagireto mai lafiya, wanda ke riƙe matsin kusan ba ɗaya, yana ɗaga wannan iyaka zuwa wajen 120, ruwan sanyaya inji na kwalba kuma yana ƙara ɗaga ta tare da hana tsatsa. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, wanda shi ya sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan bar ɓawon fari a duk inda aka dafa shi. Abin da ake gani a cikin butar shayi shi ke taruwa a ƙananan bututun lagireto da kan sansa.

Abin da ke cikin lissafin

A da, direba na iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu. Yanzu ba haka ba ne. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Faɗuwar darajar Naira kuma ta ɗaga farashin kayan gyaran da ake shigowa da su. Injin da ke shan mai fiye da kima yana cin ribar yini, wanda ya ƙone gaskit ko kan silindarsa ya lanƙwashe kuma yana iya ajiye mota makonni, da iyalin da ke ci daga gare ta.

Zafin ma ba raguwa yake yi ba. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, a wani tsananin zafi da ya mamaye yankin Sahel, wanda Sakkwato ke bakinsa. Gwargwadon zafin iska, gwargwadon raguwar ƙarfin lagireto na fitar da zafi, musamman ga motar da aka lafta wa buhunan albasa ko hatsi.

Mafita

Raba gardama tsakanin geji biyu yana buƙatar shaida na uku. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin motoci kafar bincike ta OBD-II, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga masu amfani da fetur. Ke nan da yawa daga cikin motocin da ke bin wannan hanya suna da kafar da za a jona ƙaramar na'ura a ga ainihin lambar da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Gwaji mafi sauƙi shi ne da asuba, kafin a tayar da mota: duk ma'aunin da ke nuna lamba ya kamata ya yi kusa da zafin iskar waje. Wanda ya yi nisa da shi, shi ne abin tuhuma. Ana kuma iya tsoma sansar gejin kasuwa a tafasasshen ruwa, a ga ko zai nuna kusan 100.

Ba kowane bakanike a Boɗinga ko Shagari ne zai iya mallakar na'urar bincike shi kaɗai ba, amma reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA ko na direbobi ta NURTW na iya ajiye guda a tasha domin amfanin kowa. Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci, wadda ke shirya wa kanikawa horo, ya dace ta kai shi ƙananan hukumomi maimakon manyan birane kaɗai. Ita kuma hukumar SON, alhakinta ne ta sa ido kan ingancin gejin da ke shigowa kasuwa.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan direba da bakanikensa. Wanda zai ɗaura geji ya tambayi inda za a dasa sansarsa, ya tabbatar da cewa ita ce ta zo tare da gejin, ya kuma san lambar da motarsa ke nunawa a ranar da take lafiya. Idan geji biyu suka saɓa a kan hanya, a yi aiki da wanda ya nuna zafi mafi yawa: a tsaya, a bar inji ya huce kafin a taɓa murfin lagireto, sannan a nemi wanda ya yi kuskure bayan an isa gareji.