Jan tumatir ba shi ne nunarsa ba

A kasuwar Kwanar Gafan da ke Kano, ido ne ke yanke kuɗin kwando. Dillali ya ɗaga na sama, ya ga ja wur ga girma, ciniki ya faɗa. Don haka duk maganin da aka ce yana kawo ja da wuri ko yana hana fure zuba, ɗan noman rani zai saurara.

Waɗannan magunguna ba taki ba ne, ba kuma na ƙwari ba. Kwaikwayon saƙon da shuka ke aika wa jikinta suke yi. Babban saƙon shi ne etilin, iskar da tumatir ke fitarwa da kansa idan ya ƙosa. Wani masani ɗan Rasha, Dimitri Neljubow, shi ya gano tasirinta a 1901, da ya lura iskar gas ta fitilu tana karkatar da tsiro. Maganin etefon, wanda aka fara amfani da shi a shekarun 1960, ita yake sakewa cikin 'ya'yan. Kore ya gushe, sinadarin laikofin mai kawo ja ya taru, tsoka ta yi laushi.

Sai dai etilin ba ta yin zaƙi. Ganye ne ke haɗa sukari da hasken rana ya tura wa 'ya'ya, ranar da aka tsinke tumatir kuwa an rufe wannan hanya. Wanda aka cire ɗanye aka tilasta masa ja yana samun launi, amma sukarinsa da ƙamshinsa ba sa kai na wanda ya nuna a jikin uwarsa. Uwargida ce ke gane haka: ta markaɗa roba guda, miya ta tsinke, ga tsami, dole ta nemi na leda ta ƙara. Laikofin ma yana da iyaka, domin zafi ya haura digiri 30 sai taruwarsa ta ja baya. Shi ya sa tumatirin bazara ke fitowa ruwan goro, feshi kuma ba ya gyara wannan.

Jibarelin, wanda binciken Eiichi Kurosawa kan cutar shinkafa a Taiwan ya buɗe hanyarsa a 1926, da wasu magunguna irin su 4-CPA, suna sa fure ya kama ko da zafi ya lalata ƙwayar barbara. Amfani ne na gaske. Amma 'ya'yan sukan zo ba iri sosai, idan aka zarce awo kuma sai a yanka a tarar da rami, alhali ruwan yauƙin nan da ke kewaye da iri shi ke riƙe da kaso mai yawa na ɗanɗano.

Kabayid na masu walda da wasu ke nunar da kaya da shi kuwa ba ya cikin lissafi. NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda gubar asenik da ke tattare da shi.

Hana sauran magungunan ba zai yiwu ba, ba ma shi ne daidai ba. Gyaran yana wurin mai saye. A Kalifoniya ta Amurka ana auna yawan sukarin ruwan tumatir, da ma'aunin Brix, kafin kamfani ya karɓi lodi. Na'urar 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu, ɗigo ɗaya ya ishe ta. Ya kamata ƙungiyoyin manoman Kadawa da Kura su fara nema a saka wannan awo cikin yarjejeniyarsu da masu sarrafawa, malaman gona kuma su riƙa fassara awon da ke jikin kwalba da Hausa.