Sharhi: Hunturu A Maiduguri, Shirin Ɗumama Gida Ya Kamata Ya Riga Sanyi Isowa

An fi sanin Maiduguri da zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, shi ya sa yawancin gidajen birnin an gina su ne domin korar zafi, ba domin riƙe ɗumi ba. Amma daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu al'amari kan sauya. Busasshiyar iska daga arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, hazo ya rufe gari, kuma a dararen Disamba da Janairu ma'aunin kan sauka ƙasa da digiri 15.

Wannan sanyi bai kai na Turai ba, inda magidanta ke kiran injiniya ya duba na'urar ɗumama gida tun kafin ƙanƙara ta fara zuba. A Maiduguri, abin da ke matsayin wannan na'ura shi ne kaskon garwashi, da itace, da hitar lantarki, da bargo. Bambancin shi ne babu mai duba su sai daren da sanyi ya kankama. Mafi yawan asarar da hunturu ke jawowa kuwa ba daga sanyin take fitowa ba, daga hanyoyin da ake bi a yaƙe shi ne.

Abin da ya mayar da jama'a ga gawayi

Dogaron mazauna birnin ga itace da gawayi yana da tarihi. A watan Janairun 2021, 'yan tayar da ƙayar baya suka lalata turakun layin lantarkin da ya taso daga Damaturu, birnin ya shafe mafi yawan shekarar cikin duhu. Tashar lantarki mai amfani da iskar gas mai ƙarfin megawat 50, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2023, ta kawo sauƙi, amma hita na cin wuta, kuma ba kowane gida ke iya biyan kuɗinta ba.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira sun ɗaga kuɗin sufuri da na gas ɗin girki. Gidaje da dama da suka saba da tukunyar gas sun koma murhun gawayi. Shi kansa gawayin ba a samunsa cikin sauƙi, domin masu shiga daji neman itace a kewayen birnin sun sha fuskantar hare-hare, ga shi kuma Borno na cikin jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana. Duk buhun gawayin da ya shigo gari, itatuwa ne suka faɗi a wani wuri.

Sai kuma ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ta shafe unguwanni irin su Gwange da Fori, ta shiga Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Iyalai masu yawa sun yi asarar katifu da barguna da kayan sawa. Wani abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne wayoyin lantarki da soket-soket da suka kwana cikin ruwa. Waya irin wannan na iya ɗaukar fanka da ƙwan fitila ba tare da matsala ba, amma ta yi zafi ta kama wuta ranar da aka jona mata hita.

Haɗari biyu a ɗaki ɗaya

Haɗari na farko shi ne iskar kabon monoksaid, wadda gawayi ke fitarwa idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Alamominta na farko, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sun yi kama da na zazzaɓi, don haka ake raina su. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai. Garwashin da ya daina hayaƙi ya yi jawur, wanda mutane ke ɗauka ya zama lafiyayye, har yanzu yana fitar da wannan guba. Haka ma janaretan da aka shigar zaure ko baranda saboda tsoron ɓarayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. A lokacin da ƙura ta riga ta wahalar da huhu, hayaƙin ɗaki kan ƙara jefa jarirai da tsofaffi da masu asma cikin matsala.

Haɗari na biyu shi ne gobara. A hunturu komai ya bushe, iska kuma na kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye layin gidaje. Sansanin 'yan gudun hijira na Muna ya sha fama da gobara, saboda bukkokin zana da leda da ke manne da juna. Gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023 ita ma ta nuna irin saurin da wuta ke yi a wannan yanayi. A cikin gidaje kuwa, hitar dafa ruwa da ake tsomawa a bokitin roba na da nata tarkon: a ɗauke wuta, a manta ba a cire ta ba, a dawo da wutar cikin dare.

Abin da magidanci zai yi tun yanzu

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin Oktoba da Nuwamba ne lokacin shiri, kafin farashin bargo da rigunan sanyi na gwanjo ya tashi. Ɗumin da ya fi aminci shi ne wanda babu wuta a cikinsa: a gyara tagogin da suka fashe, a rataya labule mai kauri, a shimfiɗa tabarma ko darduma a kan siminti, a sanya wa yara hula da safa.

Idan dole ne a yi amfani da kasko, a hura shi a tsakar gida, a ɗumama ɗaki da shi taga na buɗe, sannan a fitar da shi a kashe kafin kwanciya. Kada a toshe kowace kafa ta ɗaki, kuma a nisanta wuta daga katifa da gidan sauro. Janareta ya zauna a fili, nesa da tagogi. Gidan da ruwa ya taɓa shiga ya nemi ƙwararren mai gyaran lantarki ya duba wayoyi, kuma kada a jona hita a kan soket ɗin da ya riga ya ɗauki kaya da yawa. Idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fita da su iska nan take, a garzaya asibiti.

Nauyin da ke kan hukumomi

Sai dai nasiha kaɗai ba ta ɗumama wanda ba shi da bargo. Uwar da ta kwana da kasko a bukkar leda ba jahilci ne kaɗai ya sa ta ba, rashin zaɓi ne. Don haka rabon barguna da Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa da takwararta ta jihar Borno kan yi ya fi amfani idan ya zo a Nuwamba, ba bayan gobara ba. Ya kamata rabon ya haɗa da tsangayu, inda almajirai ke karatu a gefen wuta, su kwana a zaure.

Hasashen hazo da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa ke fitarwa ya dace ya riƙa isa gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, tare da gargaɗi kan garwashi. Limamai da bulamomi na da rawar takawa wajen isar da saƙon. 'Yan kwana-kwana kuma suna buƙatar ruwa da mai da hanyar shiga lungunan tsofaffin unguwanni kafin lokacin ya yi. Murhun yumɓu mai tsimin itace, irin wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa mata suka ƙera a Borno, ya cancanci a faɗaɗa shi, domin yana rage hayaƙi da kuɗin itace da yawan shiga daji.

Hunturu ba baƙo ba ne, an san watan da yake zuwa. Kuɗin bargo da na mai duba waya ba su kai kuɗin sake gina ɗakin da ya ƙone ba, rai kuwa ba a mayar da shi.