Sadakar Abinci: Me Ke Shiga Tukunya?



A ƙasar Amurka akwai wani shirin gwamnati mai suna WIC, wanda ke bai wa matalauta abinci: masu juna biyu, da masu shayarwa, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A shekarar 2009 aka sauya kayan da ake bayarwa. Aka ƙara kayan marmari da ganyaye da hatsin da ba a surfe ba, aka rage ruwan 'ya'yan itace na kwali, aka kuma ƙara wa mai shayarwa kasonta. To, ba su tsaya nan ba. Masana suka bi sawu, suka ga gidajen sun ƙara sayen ganye da kayan marmari, kuma yara 'yan shekara 2 zuwa 4 masu ƙibar da ta wuce kima sun ragu daga kashi 15.9 cikin ɗari a 2010 zuwa 13.9 a 2016.

Mu nan ba ƙiba ce damuwarmu ba, tamowa ce. Amma bin sawun nan shi nake so mu ɗauka. Da azumi masu hali kan raba shinkafa da sukari da taliya, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai wa ke komawa ya tambayi uwar gida abin da yaro ya ci? Shinkafa tsura ba ta gina jikin ɗan yaye, wallahi.

Alhaji, in za ka auna bana, haɗa da mudun wake da gyaɗa da kwalbar manja. Hajiya, kuɗin sukarin nan ki sayi busasshen kifi da zogale, kuma ki miƙa a hannun uwar yaran.