Duwatsun Mandara: Daga Mubi Zuwa Madagali

Masu karatu, a wannan mako za mu fuskanci arewacin Jihar Adamawa. Wanda ya tashi daga Mubi da sassafe, idan ya kai Mararraba sai ya juya arewa, ya ratsa Uba da Bazza da Michika da Gulak, har Madagali. Duk tsawon hanyar nan Duwatsun Mandara suna hannunsa na dama, a kan iyakarmu da Kamaru. A bayan Michika zai hangi Dutsen Kamale ya miƙe tsaye kamar an kafa turke. Akan yi tafiya mai nisa ba a ga kowa ba, sai makiyayi da garkensa.

Amma kada shirun nan ya ruɗi baƙo. In ya ɗaga kai zai ga an jera katangun duwatsu hawa-hawa a jikin tsaunuka. Gonaki ne. Katangun ne ke riƙe ƙasa da ruwan sama, dawa ta tsaya inda ba a zaci ciyawa za ta fito ba. Tsoron mahara ne ya ƙara manne mutane a can sama, musamman a zamanin Hamman Yaji na Madagali, wanda Turawa suka tuɓe a 1927.

Gwanintar nan ta fi bayyana a Sukur, kusa da Gulak, inda ake hawa ta hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu zuwa fadar Hidi. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. A 2014 kuwa 'yan Boko Haram suka kama Mubi, suka kuma yi ɓarna a Sukur.

To, ga inda gizo ke saƙa. Katangar gona sai an gyara ta kowace shekara. In samari suka sauko birni neman abinci, damina kaɗan sun isa su wanke aikin kakanni. Abin da zai tsayar da su a gida shi ne tsaro, da hanya mai kyau da za ta kai amfaninsu kasuwar Mubi. Muna kira ga hukumomi su dubi wannan tun da sauran katangun a tsaye.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.