Kafin iskar damina: mu duba ɗan ƙarfen da ke riƙe da sandar eriya

A wannan makon za mu ajiye maganar jarrabawa, mu tattauna kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannu ba, amma ya kusa jawo asarar rai a gaban idonmu.

Bara, a farkon damina, mu huɗu muka bar Dutsin-Ma muka tafi Kurfi hutun ƙarshen mako gidan su wani abokin karatunmu. Yayansa yana da gidan kallon ƙwallo. A bayan rumfar ya kafa dogon bututun ƙarfe, ya ɗora masa eriya da fitilar sola, wayoyi uku suna riƙe da shi ta kusurwa uku. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura. Kafin ruwa ya sauka sai muka ji ƙara, bututun ya kwanto a kan kwanon rumfar ya tsaga shi, kansa ya dira daidai inda wata yarinya mai tallan gyaɗa ta tashi ba da jimawa ba. Allah ne kawai Ya kiyaye.

Da gari ya waye muka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta tsinke, babu turken da ya tumɓuke. Abin da ya ci amana shi ne maɗaurin waya, wato ɗan ƙarfen nan da ake sa wa tsakanin waya da turke domin a ja ta ta yi tauri. Gangar jiki gare shi a tsakiya, da noti biyu masu shiga ta kowane ƙarshe. Hikimar da ke cikinsa ita ce tiredin ɗaya na dama ne, na ɗayan kuma na hagu. Saboda haka in ka juya gangar jikin, notin biyu za su matso ciki tare, waya ta ɗame ba tare da ta murɗe ba. Na gidan kallon tsatsa ta cinye shi, kuma tun asali an kwance shi har ƙarshe don waya ta yi gajere, tiredi biyu ko uku kacal ne suka rage a ciki. Da iska ta ja, sai notin ya zare.

Daga nan muka yi namu kuskuren. Muka ce ai mu 'yan jami'a ne, muka dawo Dutsin-Ma muka sayo sabo da ƙiyasin ido, ba awo. Muna so mu bar tsohon noti ɗaya da bai lalace ba, mu sa masa sabuwar gangar jiki. Muka yi ta juyawa ya ƙi shiga, ashe ɓangaren tiredin dama muke tura wa notin hagu. Da muka juya shi, ya yi zagaye biyu ya cije. Wani dattijo mai walda ya karɓa ya duba, ya ce mana, "Samari, tsohon awon inci ne, naku na milimita ne, ba za su taɓa shan inuwa ɗaya ba." Gaskiyarsa. Noti mai kaurin kashi 3 cikin 8 na inci milimita 9.5 ne, a ido kamar M10 yake, amma tazarar tiredinsu daban ce. Haka rabin inci, milimita 12.7 ne, ba M12 ba. Kuɗinmu da na mota suka tafi a banza.

Wannan kunyar ce ta sa muka nemi sanin yadda masu sana'ar suke yi, kuma sai muka tarar babu waɗanda suka fi matuƙan jirgin ruwa mai filafilai kula da wannan ƙarfe. Mu a nan kwale-kwalen masunta muka sani a madatsar ruwa ta Zobe, amma a Legas akwai kulob ɗin masu irin wannan jirgi tun 1932. Doguwar sandar da ke ɗauke da filafilan, wayoyi ne ke riƙe da ita ta gaba da baya da gefe biyu, kuma kowace waya da maɗaurinta. In guda ya zare a tsakiyar teku, sanda na iya faɗuwa a kan mutane. Shi ya sa suke da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta yi daidai da sandar eriya, da ragar wasan ƙwallon hannu ta makaranta, da kowace sanda da waya ke riƙe da ita.

Na farko, kafin su kwance komai sukan naɗa salatif a kan tiredi daidai bakin gangar jiki, domin su san inda ɗaurin yake. Na biyu, sukan auna tsawon maɗaurin a yadda yake ɗaure, daga tsakiyar ramin wannan ƙarshe zuwa tsakiyar ramin wancan, sannan su auna shi a rufe ruf da kuma a buɗe. Na uku, kaurin notin, kuma a nan ma'aunin baniya da muke riƙewa a ɗakin gwajin fizis yake da rana. In babu shi, a ɗauki tsohon a je da shi shago. Na huɗu, a lura da irin bakinsa: zobe ne, ƙugiya ce, ko baki biyu mai fil a tsakiya. Ƙugiya ta fi sauƙin sawa, amma ita ce ta fi saurin miƙewa ko suɓucewa in waya ta yi sako-sako, don haka ba ita ta dace da abin da zai kwana a tsaye cikin iska ba.

Wajen canjawa, ba a cire biyu a lokaci ɗaya. A fara ɗaure sandar da igiya mai ƙarfi ta ɓangaren da za a yi aiki, sannan a kwance. A canja maɗaurin gaba ɗayansa, kada a haɗa tsoho da sabo kamar yadda muka so yi. A shafa girisi a tiredi. A daidaita tsawon waya yadda sabon zai fara aiki yana ɗan buɗe, saboda waya takan saki bayan 'yan makonni, a samu wurin ƙara ɗaurewa, amma a tabbata noti ya shiga ciki sosai. Yayin juya gangar jiki a riƙe notin sama da sifana don kada waya ta murɗe. A ɗaure wayoyin bi da bi, kaɗan-kaɗan, ana duba sandar daga nesa har ta tsaya cak. A ƙarshe a kulle shi da notin kulli ko a zura 'yar waya a naɗe, domin girgizar iska kaɗai tana iya kwance shi a hankali.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: wayar da ke riƙe da turken wutar lantarki ba tamu ba ce. Ko mun ga ta saki, kada mu taɓa, mu kai rahoto ofishin KEDCO mafi kusa. Haka kuma ba a hawa sanda ko rufin kwano in hadari ya haɗo.

Mun koma Kurfi da takarda ɗauke da awo huɗu, muka canja duka ukun, sandar tana nan tsaye har yau. Kira gare ku shugabannin ɗalibai da 'yan kulob ɗin kimiyya na makarantunmu: kafin ruwan farko, ku nemi izinin malami, ku ɗauki tef ɗin awo da littafi, ku zagaya makaranta. Duk maɗaurin da kuka ga ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, ko tiredinsa ya kusa fita waje, ku rubuta awonsa ku miƙa wa hukumar makaranta. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.