Mu Rabu Da Makunnin Zaiba, Boris Ma Ya Isa

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da wayoyin lantarki? To, ɗakin kwana ne ya haɗa mu. Abokin ɗakina ɗalibin injiniya ne, kuma irin mutanen nan ne da hannunsu ba ya zama. Yau ya kwance rediyo, gobe ya farke tocila, ƙarƙashin gadonsa kuwa kamar shagon mai gyara. A zangon karatun da ya wuce ya ƙudurta zai haɗa wa yayansa wata 'yar jiniya da za a ɓoye a ƙarƙashin kujerar babur. Dabarar mai sauƙi ce. Babur idan an ajiye shi a karkace yake tsayawa, ɓarawo kuwa dole ya miƙar da shi kafin ya tura. Saboda haka abin da ake bukata shi ne makunnin da zai gane an sauya wa babur tsayuwa, ya saki ƙara.

Sai ga shi ya dawo daga Legas, daga kasuwar Alaba, da wata 'yar kwalba da ba ta kai gaɓar yatsa ba, wadda aka ciro daga jikin wani tsohon inji. A cikinta akwai ɗigon wani abu mai sheƙi kamar azurfa, yana gangarawa kamar ruwa, ga kuma bakin waya guda biyu a gefe ɗaya. Wannan shi ne makunnin zaiba. Idan aka karkata kwalbar, ɗigon ya gangaro ya haɗe wayoyin biyu, wuta ta wuce. Idan aka mayar da ita, ya koma, wuta ta yanke. Gaskiya abin gwanin sha'awa ne, ni kaina na daɗe ina juya shi a hannu.

Kwana uku bayan haka, yana cikin lanƙwasa ƙafar wayar da filaya, sai kwalbar ta tsage. Ɗigon nan ya faɗo kan siminti ya tarwatse, ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi kamar gero, wasu suka shige tsagar daɓe, wasu suka nufi ƙarƙashin tabarmar da muke cin abinci a kai. Na zabura na ɗauko tsintsiya, sai ya daka mini tsawa: "Malam, ajiye! Kana shara ka ƙara watsa ta." Haka muka buɗe tagogi, muka durƙusa da tocila da guntun kwali da salatif muna farautar ƙwaya ɗaya-ɗaya har dare ya raba, muka zuba a kwalba mai murfi. Tabarmar dai ba ta sake kwana a ɗakin ba.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da nake so in bayyana a nan: duk mai haɗe-haɗen lantarki don sha'awa ko don aikin makaranta, ba shi da wata hujja ta amfani da makunnin zaiba.

Bari in fara da ba wa zaiba haƙƙinta, don kada a ce na yi son kai. Ita kaɗai ce ƙarfen da yake ruwa-ruwa a yanayin zafin ɗaki, ba ta daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 39 ƙasa da sifiri. Da yake ruwa ce, tana rungumar bakin waya gaba ɗaya, ba tsalle ba karkarwa, kuma ba ta cinyewa kamar yadda ƙarfe ke cin ƙarfe. Shi ya sa aka daɗe ana sa ta a na'urar daidaita zafin gida, da murfin firiza, da fitilar but ɗin mota. Abokina ya kafe a kan wannan, yana cewa babu makunnin da ya kai ta tsafta wajen aiki. Ban musa masa ba. Tambayata ita ce, jiniyar babur tana bukatar wannan tsaftar har da za a sayo ta da lafiyar mutum huɗu masu kwana ɗaki ɗaya?

Illar zaiba a tururinta take. Ko ba a ɗora ta a wuta ba tana fitar da tururi a hankali, ba shi da launi, ba shi da wari, huhu kuma yana zuƙe mafi yawansa ya kai jini. Idan abin ya daɗe yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, ya kawo rawar hannu da mantuwa da rashin barci, kuma ya fi yi wa yara da masu juna biyu lahani. Ba ina cewa ɗigo ɗaya zai kwantar da mutum nan take ba ne. Amma ƙwayar da ta shige tsagar daɓe tana iya shafe watanni tana aikinta, kuma wanda zai gaji ɗakin baɗi bai san da ita ba.

Duniya ma ta riga ta yanke hukunci. A shekarar 1956 aka gano wata cuta a garin Minamata na ƙasar Japan, wadda ta samo asali daga dagwalon masana'anta mai ɗauke da zaiba da ake zubarwa a teku, kifi ya ci, mutane suka ci kifi. Nau'in zaibar can ya bambanta da na cikin kwalbarmu, ya kuma fi shi muni, amma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar da ƙasashe suka amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Yarjejeniyar ta sa 2020 a matsayin wa'adin daina ƙera yawancin makunnan zaiba da fataucinsu tsakanin ƙasashe.

To, da me za a maye gurbinta? Amsa mafi kusa ita ce boris. Akwai makunnin karkata da ake sayarwa, ɗan bututun ƙarfe ne da ƙananan ƙwallaye a ciki, irin wanda ake kira SW-520D. Aikinsa ɗaya da na zaiba, sai dai ƙwallo ne ke gangarawa a maimakon ɗigo. Yana da araha, kuma ko an taka shi ba abin da zai zube. Aibinsa guda ne, kuma ba zan ɓoye shi ba: ƙwallo yana tsalle. Kafin ya zauna sai ya taɓa waya ya saki sau da yawa cikin ƙiftawar ido, kuma idan babbar mota ta wuce ƙasa ta girgiza, yana iya tayar da jiniya a banza. Ranar da abokina ya fara gwada shi, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ƙara ta tashi, har maƙwabta suka fara yi mana Allah ya isa. Maganin kuwa bai taka kara ya karya ba. Ya ƙara kafasito da rizisto guda ɗaya-ɗaya, yadda jiniyar ba za ta amsa ba sai haɗuwar ta ɗore kamar rabin daƙiƙa. Girgizar mota ba ta kai haka, ɓarawo kuwa ba ya miƙar da babur ya mayar cikin rabin daƙiƙa. Shi ke nan magana ta ƙare.

Wanda ma ba ya son kashe ko kwabo yana iya haɗa nasa. Bututun biro, da boris ɗaya daga tsohuwar keke, da allura biyu a toshe a baki ɗaya, sun wadatar. Ko a rataye noti da siririyar waya a tsakiyar zoben tagulla, da an karkata ya taɓa zoben. Kanikawa da yaran da ke ƙera motar gwangwani ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Idan kuma aikin na buɗe ƙofa ne ko murfin akwati, ba a ma bukatar makunnin karkata. Makunnin maganaɗisu ya fi dacewa: 'yan siraran ƙarafa biyu ne da suke haɗuwa idan maganaɗisu ya matso, su rabu idan ya yi nisa.

Sai kuma na zamani, wato ma'aunin motsi, irin wanda yake cikin wayar hannunka yana juya hoto idan ka kwantar da ita. Masu haɗe-haɗe suna samun sa da sunaye irin su ADXL345 da MPU-6050, su jona shi da allon Arduino. Wannan ya wuce faɗin an karkata ko ba a karkata ba, har yawan karkatar yake faɗi, abin da zaiba ba ta taɓa iyawa ba. Amma a ganina, ga aiki irin na jiniyar babur, ɗaukar gatari ne a kashe sauro. Yana bukatar a rubuta masa umarni a kwamfuta, kuma yana shan batir ko da kaɗan ne muddin yana gadi, alhali makunnin boris ba ya shan komai sai ya haɗu. A bar shi ga mai ƙera mutum-mutumi ko ɗan jirgi mara matuƙi.

Abin da ya rage mini a rai shi ne masu gyaran rediyo da masu sayen gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne Hausawa a nan Kudu. Su ne suke fasa tsofaffin injuna da guduma, kuma gargaɗin da ke jikin kayan, in ma akwai shi, da Turanci yake. Na nuna wa wani dattijo mai gyara kwalbarmu, ya ce, "Ai zaiba ce, ɗana, muna yara a tafin hannu muke wasa da ita." Na ce masa, "Baba, a daina ba yara, kuma idan ta zube kada a share da tsintsiya." Ya yi dariya, amma na ga ya tura tasa kwalbar can saman kanta.

Tamu kwalbar kuwa mun miƙa ta ga masu kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyyar sinadarai, domin ba abin jefawa a bola ko a kwata ba ce. Jiniyar tana ƙarƙashin kujerar babur yanzu, da boris a cikinta.